Saƙon da Ya Haska a Allo

Ranar da na'urar haska darasi ta ƙi tashi a ajinsa ya fara ganinta. Shi malamin rubutu ne da fasahar magana a jami'a, ɗalibai na kiransa Jan Biro. Ita kuwa sadarwar intanet take koyarwa, barandar ofishinsu ɗaya. Ta shigo, ta sauya waya guda, allo ya kawo.

"Mai koyar da magana, ko sannu babu?" ta ce.

Ya gaishe ta, ya nemi lambar wayarta. Daga ranar saƙonni suka fara kai da komo.

Wata safiya ta rubuto masa: "Malamina, ina barin ƙofar ofishina a buɗe ne ba don zafi ba, don in ji takunka a baranda. In ka wuce ba ka leƙo ba, yinin nan ya lalace."

Ya karanta ya fi sau goma. Sai halin malanta ya motsa, halin da ba ya ganin abu mai kyau sai ya mai da shi misali. Ya goge sunanta, ya haska saƙon gaban ɗalibai ɗari biyu.

"Ku ga yadda ake taɓa zuciya da kalmomi kaɗan."

To, ƙofa ɗaya ce ke zama a buɗe a barandar nan, kowa ya san mai ita. Aka ɗaga wayoyi. Kafin azahar hoton ya zaga jami'a, kafin la'asar ya kai hannun babanta.

Ta same shi a ofis, idanunta jawur.

"Ni nake koya musu cewa abin da ya hau intanet ba ya sauka. Yau da ni ake kwatance."

"Haskena, yabon ki na yi..."

"Kai na rubuta wa. Kai kaɗai."

Babanta ya ce wanda ya shanya sirrin 'yarsa tun ba a ba shi ita ba, kada ya ƙara taka masa ƙofar gida.

Jan Biro ya zauna ya tsara ban-haƙuri shafi uku, ya tura. Amsarta layi ɗaya: "Ya yi kyau. Wane aji za ka nuna wa?"

Wata huɗu ba ta ko kallonsa. Ya rame har ɗalibai suka daina tsokanarsa. Sai ya ji wani likitan haƙori ya fara zarya gidansu.

Ya haddace jawabi ya tafi wajen babanta. Yana durƙusawa komai ya gudu daga kansa.

"Baba, na yi wauta. Ba ni da abin faɗa."

Tsohon ya kira 'yarsa. "Ke aka ɓata wa. Me kika ce?"

"Ina son sa, Baba," ta ce, tana kuka. "Amma ba zan ƙara rubuta masa ba."

Aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka, Allah Ya ba su zaman lafiya. Maganarta kuwa ta cika ta. Duk abin da ke ranta a kunne take faɗa masa, inda ba mai ɗauka a hoto. Saƙon da ya taɓa samu daga wayarta tun daga nan ɗaya ne: "Ka taho da burodi."