Ɗigo Biyu, Uku, Biyar

"Masta Waisea, kai munafuki ne!"

Malamai sha tara da ke cikin darasin suka zuba ido, kowa a ɗan akwatinsa kan fuskar kwamfuta. Wata huɗu Waisea na koya musu sabon tsarin rubutun makafi daga Suva, babban birnin Fiji, Ateca, ɗaya daga cikinsu, na bi daga garin Labasa, ba ta taɓa ɗaga murya ba sai yau.

"Madam Ateca... kowa na jin ki fa."

"Su ji! Asabar kawunnanka za su kawo tabua, haƙorin babban kifin teku na neman aurena, yau Laraba ka aiko takarda wai ka fasa?"

Ya sallami ajin, ya rage su biyu.

"Wace takarda?"

"Ga ta! Kar ka raina min hankali!"

"Masoyiya, makaho kike kaɗa wa takarda? Karanto min ɗigo-ɗigo."

Ta shafa takardar da yatsa.

"Biyu, uku, biyar... manne da sunana."

"A sabon tsari mene ne wannan?"

"Jarrabawa za ka yi min?!"

"Amsa dai."

"Alamar motsin rai."

"A tsohon fa?"

Ta sake shafa ɗigon. A tsohon tsari *zuwa ga* yake nufi. Waisea kuwa ko a mafarki ba ya rubuta shi, sau uku yana soke mata shi a aikin gida.

Mutum ɗaya ta sani da ke rubuta haka har yanzu. Nei Torika, ƙanwar babanta, wadda ta shekara talatin tana koyar da tsohon, ta ƙi shiga horon, ta kuma rantse makaho ba zai zama surukin gidan ba.

Ita ce ma ta miƙo mata takardar da safe.

"Nei!!!"

A baranda ƙarar kankare kwakwa ta tsaya cak.

"Nei, ke kika rubuta?"

"Don amfaninki ne, 'yar nan. Haka za ki ƙare da jan makaho?"

"Ni na ce miki na gaji da ja?!"

Daga kwamfutar Waisea ya yi gyaran murya.

"Asabar ɗin... tana nan?"

"Tana nan. Amma ban huce ba."

"Da ni?"

"Da kowa!"

Ranar Asabar babanta ya karɓi haƙorin da hannu biyu, aka tafa. Nei Torika tana kicin tana buga tukwane, babu wanda ya je lallashinta.