Maƙerin da Ya Zama Ɗalibi na Yini Ɗaya

A zamanin da kakanninmu suke samari, akwai wata ƙaramar jami'a a garinmu, a tsakiyar gonakin masara na Nebraska. Lokacin ne aka fara wasan ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga da ita. Ba hular kare kai, ba mai horarwa. Ɗalibai ne ke yin komai da kansu.

Kyaftin ɗin ƙungiyar wani yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai. Yaro ne mai himma. Aibinsa ɗaya, bai iya jure a ci shi ba.

Mutum goma sha ɗaya ake bukata a fili, su ma goma sha ɗaya ne cif. Ana saura kwana uku wasan farko, mahaifin ɗayansu ya zo da keken doki, ya tafi da ɗansa girbin masara. Suka koma goma.

Doka ta ce ɗalibi kaɗai ke shiga wasa. Shugaban jami'a kuwa dama ba ya ƙaunar ƙwallon. Ya ce ranar da ya kama su da ƙarya, ranar zai rushe ƙungiyar.

Yaron ya san haka sarai. Amma ya wuce maƙera, wurin wani ƙato mai suna Gunder Tofte.

"Gunder, ranar Asabar za ka zama ɗalibi," in ji shi.

Gunder ya yi dariya har ya ajiye guduma. "Ni? Ko sunana da ƙyar nake rubutawa!"

"Ba rubutu za ka yi ba. Ture mutane za ka yi."

"To, wannan kam na iya."

Aka aske wa Gunder gemu. Yaron ya sa sunansa a takardar 'yan wasa. Suka hau jirgin ƙasa zuwa wata kwaleji inda ba wanda ya san shi. Gunder ya yi ta watsar da 'yan can kamar kaji. Suka ci ashirin da biyu ba ko ɗaya.

Da yaron ya koma gida, mahaifiyarsa ta gasa masa kaza. Ya zauna yana ta juya cokali.

"Lafiya?" ta tambaye shi. "Ba ku ne kuka yi nasara ba?"

"Mu ne, Mama."

"To, me ya ɓata maka rai?"

Ya ture kwanon gefe. Kunya ce ta cika masa ciki.

Ranar Litinin, Malam Ellsworth ya kira shi. Shi ne malamin da ke duba takardar 'yan wasa kafin a kai wa shugaba.

"Wannan Tofte ɗin, me yake karantawa?"

"Harshen Latin, Malam."

Malam ya cire tabarau. "Ikon Allah! Jiya jiya ya sa wa dokina takalmin ƙarfe, bai ko gaya mini ba."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Malam, ƙarya na yi. Ni kaɗai na shirya ta. Don Allah kada a rushe ƙungiyar saboda ni."

"Ba ni zan yanke ba. Tashi mu je wurin shugaba. Da bakinka za ka faɗa masa."

Ya je ya faɗi komai. Shugaba ya saurare shi har ƙarshe.

"Da wani ne ya kawo mini labarin, da yau kun gama," in ji shi. "Ka rubuta wa waccan kwaleji, ka mayar musu da nasararsu. Sannan ka nemo ɗalibi na gaske kafin Asabar. In ba ka samu ba, ba sauran ƙwallo a nan."

Ya rubuta wasiƙar hawaye na zuba. Abokan wasansa suka yi fushi da shi, har wasu suka daina gaishe shi. Bai karaya ba. Ya bi azuzuwa ɗaya bayan ɗaya yana roƙo.

"Haƙorana ina son abina," in ji wani.

"Mamata za ta kashe ni," in ji wani.

Sai ranar Alhamis wani siririn ɗalibi mai suna Lemuel ya ɗaga hannu. "Ban taɓa riƙe ƙwallo ba," ya ce. "Amma in za ka koya mini, zan zo."

Kullum da sassafe, ga sanyi har cikin ƙashi, yaron yana fili da Lemuel. In Lemuel ya faɗi, ya ɗaga shi. Da sauran suka ga haka, suka huce, suka riƙa fitowa.

Aka ci su wasa na biyu. Aka ci su na uku. Mutanen gari suna ta tsokana: "Ku dawo da maƙeri mana!"

"Ko sau goma za a ci mu, da 'yan makarantarmu za mu shiga," in ji yaron.

Wasan ƙarshe da kwalejin nan da suka cuta ne. Aka yi ta gwabzawa cikin taɓo, ba wanda ya ci. Dab da tashi, yaron ya miƙa wa Lemuel ƙwallo, ya shiga gabansa yana buɗe masa hanya. Lemuel ya tsallake layin ci, wanda ke ba da maki huɗu. Huɗu ba ko ɗaya!

Kyaftin ɗin waccan kwaleji ya zo ya ba yaron hannu. "Wannan kam kun ci mu da gaske," in ji shi.

Shugaba ya ce ƙungiya ta ci gaba baɗi. Yaron ya ruga gida cike da murna, jikinsa duk taɓo.

"Mama, huɗu kawai muka ci, amma ta fi mini waccan ashirin da biyun daɗi!"

"Ai dole," in ji mahaifiyarsa. "Nasarar ƙarya ba ta sa farin ciki. Wadda ka samu da gaskiya da guminka, ita ce taka."