Tamfol a Kan Ɗanyen Katako

Da tsakar rana matar tsohon kafinta ta kawo masa abinci, ta tarar da shi a bayan shago, tulin katakon turare ya danne shi har ƙirji. Ya riga ya cika.

Ko da Sufeton 'yan sanda ya iso, jama'a sun gama shari'a, sun ɗora laifin a kan direban da ya sauke kayan da safe, wai ya jera su a karkace. Har sun fasa masa baki. In aka tsaya a nan, a gidan yari zai tsufa.

Sufeto mutum ne mai sanyin jiki kamar ba zai iya korar ƙuda ba. Ya zagaya tulin, ya ga an yanke igiyar da ta riƙe shi, an kuma lulluɓe katakon da ya zube da tamfol, har da danne gefe da duwatsu. Fuskar mamacin kuwa tana rana.

Direba ya rantse bai san amfanin tamfol ɗin ba, shi saukewa ce tasa. Kafintan da ke maƙwabtaka, wanda shekara goma ba sa ga maciji da marigayin, ya yi bayani: katakon turare in ya bushe a hankali ƙarfe ne, ana ƙofa da daɓe da shi, amma ɗanye in rana ta doke shi sai ya tsage ya murɗe.

"Ni da zan ga ya tsage, ai daɗi zan ji," in ji shi.

Saura babban ɗan marigayin, wanda ya ce tun safe yana kasuwa, ya kuma fi kowa kuka. Uwarsa ta faɗa, ba da wata manufa ba, cewa tsohon ya yi niyyar miƙa shagon ga mijin 'yarsa.

Sufeto ya sa hannu zai yaye tamfol ɗin, sai ɗan ya yi wuf ya ce:

"Yallaɓai, bari sai rana ta yi sanyi. Da kyar na..."

Sufeto ya juyo ya dube shi.

"An rufe katakon bayan ya zube," in ji Sufeto. "Direba bai san a rufe ba, maƙwabci bai damu ba. Mai gado kaɗai ke tsoron asara. Tsohon da ransa lokacin?"

Ɗan ya daina kukan, ya dubi uwarsa.

"Yana ta kirana, Inna. Na ce masa ya bari in gama."