Murmushin da Ke Cikin Tabarau

"Abinci ya huce fa, Injiniya," in ji Auta, tana tsaye da faranti a bakin falo.

"Minti biyu, Bebi! Ina mitin."

Minti biyun nan yau wata bakwai ke nan. Tun da kamfani ya ba mijinta tabarau ɗin nan mai rufe rabin fuska, wanda ke cakuɗa abin da ke ɗaki da abin da babu, Injiniya ya zama baƙo a gidansa. Da shi yake zana benaye a iska, da shi yake cin abinci, kai, ba don tsoron ruwa ba da har wanka zai shiga da shi.

Abin da Auta ba ta sani ba, tun satin farko ya ɗauki hotonta tana dariya, ya sa na'urar ta riƙa ɗora shi a kan fuskarta duk sanda ya dube ta. Wai shi nan soyayya! Daga baya ma ya manta ya yi hakan. Ta rame, shi yana ganin kumatu. Man girki ya fallatso ya ƙone ta a kunci, ko sannu bai ce ba.

Da abin ya ishe ta, ta kai kuka wajen mahaifiyarsa ta waya. Hajiya tana can garinsu, sai ta sa nata tabarau, ta haɗa da na ɗanta, tana ganin duk abin da yake gani.

"Ke yarinya, ki ji tsoron Allah! Ga ki nan baki kamar gonar auduga, ki ce ɗana ya wulaƙanta ki? A gabansa dariya, a bayansa ƙara — wannan ai munafunci ne!"

"Wallahi Hajiya kuka nake yi..."

"Rufe mini baki! Idona zan ƙaryata?"

Da yayar Auta ta ji labari, ranta ya ɓaci. "Haɗa kayanki! Ba mu aurar da ke don ki zama kujerar falo ba."

"Yaya, ki ƙara haƙuri, shi fa ba mugu ba ne."

"Na ba shi zuwa Asabar. In bai dube ki ba, zan zo da mota."

Asabar da hantsi aka ji hon a ƙofar gida. Auta ta ja akwatinta zuwa falo, hawaye na zuba.

"Injiniya, zan tafi gida."

Ya waiwayo, ya ga murmushin da ya saba gani. "Oke, a gaishe su. Filis ki sayo mini caja a hanya."

Maganar ta soke ta har zuci. Duk da haka ba ta yi tsawa ba, ba ta fizge tabarau ba. Ta durƙusa ta kama hannunsa don sallama, ta ɗora shi a kuncinta.

Injiniya ya daskare. Idonsa na ganin fata sumul, yatsunsa na jin lema da tabo. Nan take ya cire tabarau.

"Innalillahi! Auta, yaushe kika ƙone?"

"Sati uku ke nan."

"Ina ina?"

"Kana nan a kan kujerar nan."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya goge hoton a gabanta, ya fita ba takalmi ya durƙusa wa Yaya a jikin mota. Kwana biyu bayan haka Hajiya ta zo da ƙafarta, ta daɗe tana kallon kuncin, sannan ta ce, "Yafe mini, 'yata. Na yarda da gilashi, na ƙaryata mutum."

Yanzu da an tashi aiki, tabarau na rataye a ƙusa tare da makullin mota. Mahaƙurci mawadaci, Auta ta samu mijinta, amma tabon bai ɓace ba. Na'urorin nan kuwa kullum ƙara wayo suke, za su nuna maka duk fuskar da ranka ke so. Wanda kake ƙauna, ka dube shi da idon da Allah ya ba ka, tun kafin a yi hon a ƙofar gidanka.