Fallen Katako a Gaban Sifika

Kwana goma sha ɗaya ke nan Auta tana ɗakin Mama, zaune a kujerar da ke jikin taga. Ba ta kuka. In an miƙo abinci ta ci, in ba a miƙo ba ba ta tambaya. Tun da zazzaɓi ya tafi da kunnenta na hagu shekara biyu da suka wuce, ya bar na dama rabi-rabi, haka take yi in abu ya dame ta: sai komai ya mutu a jikinta.

Yayarta ta shigo tana fifita da tikiti biyu. Ta zagayo ta hannun dama ta ɗaga murya.

"Ga su nan, abin da kafintan naki ya kasa. Gobe Juma'a ni da ke a babban filin wasa."

Rigimar daga nan ta samo asali. Akwai wani mawaƙi da Auta da mijinta suke zuwa kallo tun suna saurayi da budurwa, a wani ƙaramin zaure bayan gidan shan shayi, inda kuɗin shiga bai wuce na kofi biyu ba. Mawaƙin ya yi suna, ya bar zauren. Da aka sanar zai yi wasa a babban fili, Auta ta roƙi mijin nata, wanda kowa ke kira Kafinta, ya kai ta. Ya duba farashi a waya, ya daɗe yana kallo. Kujerun gaba aikinsa ne na wata uku, na can sama kuwa na wata guda.

"Na gaban ba ni da halinsu," ya ce. "Na saman kuma ba abin da za ki samu a can. Ki bari mu ci gaba da zuwa namu."

Ita kuwa a ranta gori ya yi mata da kunne. Ta ɗauko jaka ta taho gida.

"Rowa ce kawai," in ji Yaya. "Mutumin da kullum Asabar sai ya saɓo fallen katako a kafaɗa kina biye da shi a titi, kamar za ku gyaran ƙofa? Mijina cewa ya yi ya zaci kaya kuke kai wa kwastoma."

"Na ƙafata ne, Yaya."

"Ƙafarki ciwo take yi?"

Auta ta mayar da fuskarta wajen taga. Mama ta ajiye ɗinkin da take yi ta ce, "Na gaya wa kawunku. Ranar Lahadi zai kira shi. In ya gaji da ke ne saboda lalurarki, gara ya faɗa, ya ba ki takardarki. Ba zan bari a wulaƙanta min ke ba."

"To, Mama."

Washegari tun ƙarfe uku suka shiga layi. Aka caje jakunkuna, aka karɓe ruwan da suka zo da shi, a ciki kuma gora ɗaya kuɗin biyar. Suka yi ta hawa matakala har Yaya ta dafe gwiwa.

"Wai duk kuɗin nan da na zuba nan ne wurinmu? Ai wannan fashi ne da rana."

Daga inda suke, mawaƙin bai fi ɗan yatsa ba. Yaya ta ɗaga waya tana ɗaukar sikirin ɗin da ke nuna fuskarsa. Mutane suka miƙe, bakuna suna buɗewa suna rufewa tare. Abin da ke isa kunnen Auta wani ɗumi ne kamar na injin markaɗe a gidan maƙwabta. Ba ta gane wace waƙa ce ba.

A hankali ta zare takalmanta, ta ɗora tafin ƙafa a ƙasa. Siminti ne, mai sanyi. Ta danna. Ta jira. Ta dafa ƙarfen da ke gabanta da hannu biyu. Babu komai.

Ta koma ta zauna, takalman a cinyarta, har aka tashi.

"Kin ji daɗi?" Yaya ta tambaye ta a mota, tana murza wuya.

"Ban ji komai ba."

Ranar Asabar da yamma ta yafa mayafi ta ce wa Mama za ta fita. Dattijon da ke tsaron ƙofar ƙaramin zauren ya gane ta. Ya san inda ake tsaya mata, ya matso ta dama.

"Kin warke, 'yata? Mijinki cewa ya yi ba ki jin daɗi. Amma wancan satin ma na mutum biyu ya biya, ya shimfiɗa katakon, ya zauna kusa da kujerar har aka watse. Na ce ya karɓi kuɗin ɗaya, ya ƙi."

Zauren bai ɗauki mutum hamsin ba. Wasu samari uku da ba wanda ya san su suna gyara kayan kiɗa. A gaba, ta gefen dama, fallen katakon yana kwance: kansa ɗaya a ƙarƙashin babbar sifika, ɗayan a gaban kujerar da babu kowa. Tsakiyarsa ta yi santsi, daidai inda ƙafafunta suke sauka. Kafinta ne ya sassaƙa shi da hannunsa watan da aka sallamo ta daga asibiti, ya ce katako yana kai kiɗa inda kunne ya kasa. Ta saba da shi har ta manta cewa wani ne yake ɗauko shi.

Ta zauna. Kafinta, da ke zaune a kujerar gefenta, ya juyo ya gan ta, bai yi motsi ba.

"Uwargida, yaya manyan mutane?"

"Siminti ne a can," ta ce.

"Na sani. Na je na duba kafin in ce miki a'a. Laifina ne da ban faɗa miki haka ba, bakin nawa ba ya aiki kamar hannun."

Mai ganga ya buga na farko. Bugun ya bi katakon ya shiga tafin ƙafarta, ya hau ƙwaurinta, ya tsaya a ƙirji. Sai a lokacin hawaye suka zo, na kwana goma sha ukun gaba ɗaya.

"Gobe Kawu zai kira ka."

"Zan zo."

"Ka taho da katakon. Ina so Mama ta ɗora ƙafarta."

Ranar Lahadi, a falon Kawu, aka ɗora rediyo a kan fallen, aka kunna. Mama ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta ɗora ƙafa, ta daɗe a haka. Da ta cire yatsun ba ta yi zancen takarda ba. Ta ce wa Yaya, "Je ki ɗauko wa ƙanwarki jakarta, ta bi mijinta." Yaya ta tashi tana ƙunƙuni a kan kuɗin tikitinta, amma ita ta riƙe wa Kafinta ƙofa ya fita da katakon.

'Yan mata, dangi suna auna so da abin da ido ke gani, don shi suke iya nunawa. Kafin ki yarda an raina ki, ki duba wanda ya san daidai inda ciwonki yake, ya kuma yi haƙurin saɓa maganin a kafaɗa duk mako, ana yi masa dariya a titi.