Tabon Leɓen Barira

"Na hwasa tahiyar, Barira. Ba ni iya barinki."

Barira ta ƙara jan mayafi ta rufe baki, kamar kullum. Badamasi, likitan da ke aiki a garinsu Illo, ya samu gurbin ƙwarewa a tiyatar yara, can wani asibitin koyarwa mai nisa. Goggo, wadda ta riƙe shi, ta rantse babu aure sai ya gama, don Ni'ima 'yarta take masa tanadi. Ita kuwa Ni'ima ta cika gari da cewa mai tsagaggen baki ta ɗaure Likita.

A hankali Barira ta sauke mayafin. Bai taɓa ganin tabon a sarari ba.

"Dube ni, Likita. Sai da na yi wayo aka ɗinke shi, a ƙasar Benin, don babu mai yi nan. Kahin nan dariyar yara ta hidda ni makaranta. Ka tahi."

"In na daɗe hwa, rabin raina?"

"Na saba zama ni ɗaya..."

Ya tafi.

Shekaru suka yi ta wucewa. In ya kira, daga ɗakin tiyata ya fito, wani lokaci barci ya kwashe shi tana cikin magana. Takan riƙe wayar tana sauraron numfashinsa. Ƙawaye duk suka yi aure. Ran kasuwa takan leƙa motocin da ke zuwa daga garin Bagudo ko za ta gan shi, ta koma kan keken ɗinkinta.

Ni'ima ta gaji da jira, ta auri wani ɗan kasuwa. Da ta haihu, jaririyar ta zo da tsagaggen leɓe, ta kasa kama nono. 'Yan barka na leƙawa suna ficewa. Barira kaɗai ta zauna, tana ɗiga wa jaririyar nonon da cokali, yadda innarta ta ce an yi mata.

Ni'ima ta kasa kallon Barira.

Da Badamasi ya kammala, yarinyar nan ya fara ɗauka zuwa tiyata. Ɗinkin ya fito siriri kamar zare.

Bayan an sallame su daga asibiti, Goggo da kanta ta yi sallama gidan su Barira da ƙwaryar goro, ta zo nema wa Badamasi aure. Barira ta durƙusa, hannunta ya nufi mayafi.

Goggo ta riƙe hannun.

"Bar shi buɗe, ɗiyata. Da shi nika son ki amsa mini."