Wanda Ya Zauna Kusa da Yaya

Dab da magariba Yaya ya kira ni in raka shi tsohuwar silimar da ke bayan kasuwa, mu gwada sabon fim ɗinsa a babban allo kafin ranar nunawa. Shi ne darakta, ni ke tace masa hotuna. Ɗan wan mahaifina ne, shi ya sa ba ni da bakin cewa a'a.

Fim ɗin aljanu ne, wai. Ni na san abin da ke ciki, don da hannuna na manna wa jaruman jajayen idanu. Wuta na fita daga baki, mace na tashi sama, kai na juyawa baya. Labari kuwa babu ko na rantsuwa. Da na yi masa magana sai ya ce, "Kai dai ƙara hayaƙi. Wa ke zuwa silima sauraron tatsuniya?"

Maigadi ya miƙa mana makulli ya tafi masallaci. Ciki warin tsohon soso da fitsarin ɓera. Yaya ya zauna a layin tsakiya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Ni na hau sama ɗakin na'ura, inda ake leƙen zauren ta wata 'yar taga.

Na kunna.

Aljanin Yaya ya fito yana gurnani, ƙahonin roba na rawa a kansa. Sai na ji tsaki. Dogo, daga can baya.

Na leƙa. Kujeru ne kawai.

Matar da ke cikin fim ɗin ta tashi sama, sai aka kwashe da dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda manya ke yi wa yaro in ya sa takalmin ubansa. Kujerun da ke naɗe suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ƙiii. Ƙiii.

Sautin fim ya ɗauke. Hoton na ta tafiya.

A hasken allon na ga mutum zaune kusa da Yaya. Rigata ce a jikinsa. Ƙeyata ce.

"Yaya," ya ce da muryata, a hankali, amma har sama ina ji, "wai wannan ne abin tsoron? Kaico. Bari ka ji."

Yaya bai ko waiwaya ba. "Gyara sautin tukuna."

"Wata mata ce mijinta ya rasu. Kullum da magariba sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, irin ƙwanƙwasawarsa. Ba ta buɗewa. Ta hana 'yarta ƙarama ko matsawa wajen."

Yaya ya sauke ƙafarsa.

"Rannan ta je ɗebo ruwa, ta makara. Ta dawo ta tarar da yarinyar a tsakar gida, an yi mata wanka, an shafa mata mai. Tana murna. Ta ce, Mama, yau na buɗe wa Baba."

Zauren ya yi tsit. Numfashi nake ji, na mutane da yawa.

"Ta ce, yana ɗaki. Ya ce ki shiga ke kaɗai."

"Sai ta shiga?" in ji Yaya.

"Matso ka ji."

Ya matsa. Wallahi ya matsa.

Na daki gilashin tagar da tafin hannu.

"Yaya! Ga ni a sama!"

Ya ɗago. Ya gan ni.

Ya daɗe yana kallona.

Sannan ya fara juya wuya gefensa.

"Kar ka duba! Fita!"

Ban san yadda na sauko matakalar ba. A bakin ƙofa muka yi karo, na fizgi hannunsa, sanyi ƙarara. Bayanmu kujeru suka naɗe gaba ɗaya, ram! Wani ya sake yin tsaki.

An nuna fim ɗin ranar da aka sa, a wani zauren daban. Mutane suka yi ta latsa waya, wasu suka fice tun kafin rabi. Yaya bai ma zo ba.

Matarsa ce ta same ni bayan kwana biyu, idonta ya kumbura. Ta ce baban yaran nan ya daina cin abinci. Da rana ta karkata sai ya sa takalmi, ba ya cewa ina za shi.

Na tare shi a bayan kasuwa. Ya rame, wuyan riga na yawo a jikinsa. Makullin silimar na hannunsa.

"Yaya, don Allah mu koma gida. Yaranka na jiranka."

Ya dube ni sama da ƙasa, kamar yana tantance ko ni ne.

"Matar cikin labarin ta kama labulen ɗakin jiya," ya ce cikin raɗa. "Yau za ta ɗaga."

Ya zare hannunsa daga nawa, ya shiga.